Za-a-saka da Kwalinsa

A layinmu akwai wani mai gyaran kujeru da kowa ke kira Za-a-saka. Ba da wannan suna ya zo duniya ba, da bakinsa ya samo shi, kuma sai da furfura ta fara leƙo masa. Kafin nan Mai Kujera muke ce masa. Yayarsa kuwa har gobe Auta take kiransa.

Shagonsa yana tsakanin na wata mai fotokofi da wani kango da aka fara ginawa aka bari. In ka leƙa ciki, abin da za ka fara gani buhuna ne jingine da bango har kusa da silin, cike da guntayen soso da ƙyallaye. Ba ya zubar da komai. Duk abin da almakashi ya yanke ya faɗi ƙasa sai ya tsince ya jefa a buhu. Ranar da aka kawo masa kujerar da ta lotsa, sai ya zura hannu ya ɗebo ya cusa, ya ja yadi mai kyau ya rufe, ya bi da ƙusa. Daga nesa kujerarsa ta fi ta kanti kyau. Sai ka zauna ne za ka ji tudu a nan, kwari a can, wani abu mai tauri yana taɓa ka ta inda ba ka zata ba. Mutane ba su cika mayar masa da aiki ba, don mutum ne mai fara'a, kuma bai iya cewa a'a ba. Ni ma akwai kujerata a wurinsa a lokacin. Tana lungu, ƙafafu sama, an ɗora mata buhu. Ban kasance mai gaggawa ba.

Shi ne auta a ɗakinsu. Mahaifiyarsu ta rasu yana rarrafe. Yayarsa ce ta goya shi, ita ta kai shi makaranta, ita kuma ta je ta ɗauko shi ranar da makarantar ta gaji da shi, ta riƙe hannunsa ta kai shi wurin wani mai kujeru ya koyi aiki. Da ta yi aure, da shi ta tafi. Da mijinta ya rasu, ɗanta tilo kuma aiki ya kai shi wani gari mai nisa, sai abin ya juya. Auta ya ɗauko ta ya ba ta ɗakin da ke bayan shago, mai taga ɗaya da ke kallon tsakar gida. Wannan kam ya kyauta, ba za a ƙi faɗa ba. Matarsa ma ba ta taɓa ɗaure mata fuska ba. Duk layin Yaya muke ce mata, har mu da muka girme ta.

Ana nan sai idon Yaya ya fara dushewa. Da fari zare ne ya ƙi shiga allura, daga baya fuskoki suka fara zama mata hayaƙi. Wata rana da hantsi tana zaune a tsakar gida ta ce, "Auta, ka ga ikon Allah. Yau ko inuwata ban gani ba. Na duba dama na duba hagu, kamar an sace ta."

Ya yi dariya ya ce, "Wa zai saci taki, Yaya, ga ta mai gidan hayar nan mai faɗi da kauri?"

Ta yi dariya ita ma. Amma maganar ba ta bar shi ba. Dama shi mutum ne mai ƙunƙuni da baiti in yana aiki, ƙusoshi a baki, guduma a hannu, ba wanda ya taɓa kula da abin da yake cewa. A ƙarshen makon nan ya jawo wata kujerar da bai gama ba, ya ajiye a ƙofar ɗakinta, ya ce ta saurara.

Gari ne da rana ke tsayawa a kansa,
Ba mai inuwa, ko da bangon gidansa.
Sarkin Iska ya naɗe su ya tafi abinsa,
Ya bar kowa tsaye, ba kowa a bayansa.

Labarin wani gari ne da Sarkin Iska ya bi ya kwashe inuwar kowa da komai, ta mutum da ta bishiya da ta tulu, ya kai wani rumbu a ƙarshen duniya ya kulle. Mazan garin suka zauna shawara har suka gaji. Sai wata yarinya da ba kowa ba, wadda ake kira Mai Fitila, ta tashi.

Ta ɗau fitila da rana tsaka ta fita,
Ana ta dariya, ba wanda ya bi ta.
Ta ce in dai da haske a hannunta,
Inuwa duk inda take za ta neme ta.

Ni ba masanin waƙa ba ne. Amma na san abin da ke sa tsohuwa ta ajiye kofin shayinta ya huce. Da ya tsaya, Yaya ta ce, "To sai me ya faru?"

"Sai mako mai zuwa," in ji shi.

Haka suka ɗauka. Kowane ƙarshen mako ya kawo sabon kashi, ya zauna a ƙofar ɗakin, ita tana ciki a bakin gado, hannuwa a cinya. Mai Fitila ta haye kogin da ke gudu da baya. Ta kwana a garin da mutanensa ke tafiya da ido rufe don kar su ga abin da suka rasa. Ta hau wani tsuntsu mai fiffike ɗaya, wanda ba ya iya tashi sai wanda ya hau shi ya miƙa hannu ya zama masa ɗaya fiffiken. Yaya ta fi son wannan tsuntsu. Matar Auta ta ce ta sha ganin ta zaune ita kaɗai ta miƙa hannu ɗaya gefe.

Bangon da ya raba tsakar gidan da shagon fotokofi ba shi da kauri. Mai Fotokofi ta ji, ta roƙa a ba ta ta buga. Ta manna a ƙofarta, ta kuma tura wa mutane a waya. Kafin wani lokaci masu jiran a yi musu kofi suna karantawa, masu jiran mota suna karantawa, har ana tsayar da Mai Kujera a hanya ana tambayarsa lafiyar tsuntsu. Ya fara tafiya a hankali in ya zo wucewa ta inda jama'a suke.

Sai Mai Fitila ta iso rumbun Sarkin Iska. Ga ƙofa, ba mariƙi, ba ramin makulli. A bayanta inuwoyi ne ninke kamar yadi a kanti. Yarinya ta tsaya da fitilarta. Nan kan Auta ya tsaya shi ma. Mako ya zo ya wuce, wani ya biyo shi. Yaya ta ce, "Sai me ya faru?" Ya ce yana tunani.

A cikin wannan tunanin ne ɗan Yaya ya zo. Ya ga idon mahaifiyarsa, hankalinsa ya tashi. Ya ce akwai likitan ido a garin da yake, kuma ba zai ƙara barinta nesa da shi ba. Zai koma ya gyara mata ɗaki, da an gama zai zo da mota ya ɗauke ta, tafiya ba ta dawowa ba.

Yaya ta ce, "Ba inda za ni sai na ji yarinyar nan ta koma gida."

"Wace yarinya kuma, Mama?"

"Tambayi kawunka."

Da aka yi masa bayani ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Kawu, ka ji dai. Ka taimake ni ka buɗe ƙofar nan."

Auta ya dafa ƙirji ya ce, "Kafin motarka ta tsaya a ƙofar shagon nan, an gama. Yaya za ta ji ƙarshe da kunnenta."

Ina wurin aka yi wannan alkawari. Na zo duba kujerata ne.

Mai Fotokofi ce ta kawo dabarar. Ta ce, "Baba Mai Kujera, yanzu ba a wahalar da kai. Ka tambayi masu karatu. Kowa ya kawo abin da yake so ya faru, ka zaɓa." Ba da mugun nufi ta faɗa ba, kuma ta ce ya zaɓa. Wannan kalma ta ƙarshe ce ba ta shiga kunnensa ba.

Ta ba shi kwalin da takardunta ke zuwa a ciki. Ya tsaga masa baki da wuƙar yankan soso. Da a nan ya tsaya da sauƙi. Sai da ya shimfiɗa wa kwalin soso, ya lulluɓe shi da jan karan-miski, ya jera masa ƙusoshi masu kan zinariya a kowane gefe. Aikin da ya yi wa kwalin nan, da rabinsa ya yi wa kujerata da tuni ina zaune a kanta. Ya kafa shi a kan tebur a ƙofar shago, ya sa aka buga sanarwa aka manna a sama: duk mai shawara a kan yadda Mai Fitila za ta ƙare, ya rubuta ya saka a kwali, ba a karɓa da baki, don kar a ce an yi son kai. A ƙasa kuma da manyan baƙaƙe: duk abin da aka kawo za a saka.

Mai Kemis na kan kwana ne ya fara zuwa. Ya saka takardarsa, amma bai yarda da kwalin ba, sai da ya tsaya ya faɗa da baki.

"Malam Sha'iri," ya ce. Ba wanda ya taɓa kiran Auta haka. Na ga kunnensa ya motsa. "Waƙar nan ta yi, amma babu maciji. Ina aka taɓa irin wannan labari ba maciji mai kai bakwai? Kuma ka ga, in macijin ya kamu da tari, ai dole a nemi magani. Ban ce ka ambaci kowa ba."

"Za a saka," in ji Auta.

Sai tsohon Hedimasta, wanda tun da ya bar aiki yake neman wanda zai gyara wa kuskure. Ya ce waƙar ba ta da darasi. Yarinya tana yawo a duniya ba a ji ta nemi izinin kowa ba, ba a ji ajin da take ba. Ya kamata a buɗe makaranta a hanyar rumbun, a sa mata shugaba mai tsari wanda ba a gane darajarsa ba sai da ya tafi.

"Za a saka."

Wani direban bas ya ce tsuntsu mai fiffike ɗaya ba abin hawa ba ne, ganganci ne, kuma hanyar da aka bi ta kogin nan zagaye ce. A kawo mota. Mai Nama ya ce shi yaƙi yake so, a yi ta sara. Mai Kitso ta ce a sa wata mayya mai wushirya da ke leƙen gidan mutane ta kan katanga, ta rantse ba da kowa take ba, alhali duk layin mun san mai wushirya ɗaya ce kuma mun san katangar. Ita mai wushiryar da ta ji labari ta aiko da tata takardar, an ce ta cika gaba da baya.

Mai Gida ma ya zo da kansa, ya cika ƙofar shago har ciki ya yi duhu. Ya ce, "Ni abin da ban gane ba, me Sarkin Iskan nan ya yi muku? Mutum ya tara abinsa ya kulle, sai a tasa shi gaba? Wa ya sani ko ajiya ya yi musu? Hassada ce kawai irin ta mutane."

Auta ya dubi rufin da yake kwana a ƙarƙashinsa, ya ce, "Za a saka, ranka ya daɗe."

Daga nan sunan ya bi shi. Yara in sun wuce su ce, "Za-a-saka, ina kwana?" Ya amsa da murna, yana ganin girmamawa ce. Ya sayi tabarau duk da idonsa lafiya lau, ya soke biro a aljihun gaba. Kujerun mutane suka taru a lungu, tawa ta samu 'yan hira.

Kuma ya cika alkawari, wannan ma ba za a ƙi faɗa ba. Kowane ƙarshen mako ya juye kwalin a kan teburin yanka, ya zura hannu ya ɗebo ya cusa, ya ja amsa-amo ya rufe. Hannun da ya saba bai san wata hanya ba.

Sai ga maciji mai kai bakwai yana tari,
Aka garzaya shagon kan kwana da wuri,
Ya sha cokali biyu bayan abinci, ba garari,
Ya ce a gai da mai shagon, mutum ne mai alheri.

Mai Kemis ya sa aka buga masa wannan da girma ya manna kusa da ma'aunin nauyi.

Karatun ma ya tashi daga ƙofar ɗakin Yaya ya koma ƙofar shago, don jama'a sun yi yawa, tsakar gida ba za ta ɗauke su ba. Matar Auta takan jawo wa Yaya kujera kusa da ƙofar baya ta shagon, daga nan take jiyowa, in hayaniya ta bari.

Wata rana da yamma ina zaune a shagon, Hedimasta yana tsaye a kan Za-a-saka yana nuna masa inda aka rage wa shugaban makarantar baiti ɗaya, sai ga Yaya ta shigo tana lalube bango. Ta bi buhunan da hannu har ta iso teburin.

"Auta."

"Na'am, Yaya. A hankali, akwai ƙusa a ƙasa."

"Na ji kowa yana kawo tasa. Ni ma ina da tawa. Ba doguwa ba ce. Ka dawo da yarinyar nan gida."

Ya dubi Hedimasta. Hedimasta ya dubi sanarwar da ke manne a ƙofa. Za-a-saka ya gyara tabarau ya ce, "Yaya, kin san doka ce. Ba a karɓa da baki. In na karɓi taki yau, gobe a ce don ke 'yar gida ce. Ki sa maman yara ta rubuta miki a saka a kwali."

"Tsari ke nan," in ji Hedimasta. "In babu tsari babu komai."

Yaya ta miƙa hannu ta taɓa kwalin, ta shafa karan-miskin, ta bi kan ƙusoshin da yatsa ɗaya bayan ɗaya.

"Ya yi laushi," ta ce. "Bar shi, Auta. Ba ta kai a ɓata mata takarda ba."

Ta juya ta bi buhunan ta koma. Tun da na san mutumin nan, ranar ce kaɗai aka kawo masa abu bai ce za a saka ba.

Daga ranar ba ta ƙara cewa sai me ya faru ba. Ba ta yi fushi ba, ko in ta yi ba ta nuna ba. Takan zauna a tsakar gida wajen matar Auta tana taya ta tsince-tsince, wani lokaci leɓenta na motsi, wani lokaci ta yi murmushi ba da kowa ba. Shi kuwa ya ɗauka shirun nan jin daɗi ne. Ya gaya mini da bakinsa cewa waƙar ta kai inda Yaya ma ta rasa abin cewa.

Sai ɗanta ya bugo waya ya ce ɗaki ya gyaru, yana tafe ranar kaza da safe, kuma a ranar zai juya saboda aiki. Za-a-saka ya sa aka buga sanarwa: babban ƙarshe, kowa ya zo.

Ya fito da kujerun mutane duka ya jera a ƙofar shago, waɗanda ya gama da waɗanda bai gama ba. Tawa ma aka juyo ta ƙafafu ƙasa karo na farko, aka tokare ta da bulo, aka ba Mai Gida. Ni na samu benci. Aka zaunar da Yaya a gefe cikin kayan tafiyarta, jakarta a gaban ƙafa. Ɗanta ya iso ana shirin farawa, ya gaisa da mutane, ya koma ya jingina da mota yana duban agogo.

Za-a-saka ya miƙe da takardu cike da hannu ya fara. Ya daɗe yana yi. Masu zaune a kan kujerunsa suna ta gyara zama, ba na ce waƙar ce ta sa ba. Macijin ya warke ya yi godiya a karo na uku, Mai Kemis ya tafa ya ce ya bar shago ba kowa, ya matsa baya yana amsa waya. Aka yi yaƙi, aka yi ta sara, Mai Nama ya ce madalla. Mayu biyu suka haɗu a kan katanga, ɗaya mai wushirya ɗaya mai kitso, sai da aka shiga tsakanin na cikin waƙa, aka kuma shiga tsakanin na kan kujeru. Bas ta iso rumbun ta gajeriyar hanya. Direba ya ce ai ga shi nan, Hedimasta ya ce an tsallake makaranta, suka ɗan taɓa. A ƙarshe mutanen gari suka taru suka ba Sarkin Iska haƙuri bisa zargin da suka yi masa, shugaban makaranta ya yi jawabi mai tsawo, aka tashi.

Aka tafa. Mai Gida ya yunƙura zai miƙe, bulon ya goce, aka tare shi. Za-a-saka ya cire tabarau yana goge ido, ya juyo wajen yayarsa yana jira.

"Auta," ta ce, "ina yarinyar?"

"Wace yarinya, Yaya?"

"Mai Fitila."

Ya shiga juya takardu, na yau, na makon jiya, na wancan. Mai Fotokofi ta ciro waya tana ja da yatsa, tana ja, tana ja. Can ta ce a hankali, "Baba, tun ranar da maciji ya fara tari. Ka ce ta matsa gefe ta jira a wuce da shi. Ba ta sake fitowa ba."

"To ƙofar fa?" in ji wani daga baya. "An buɗe?"

Ba a buɗe ba. Inuwoyin suna nan a ninke.

"Ƙaramin kuskure ne," in ji Hedimasta. "Ana iya gyarawa a bugu na biyu."

Mai Kemis ya sauke waya daga kunne ya ce, "Wai dama akwai wata yarinya a ciki?"

Ɗan Yaya ya zo ya ɗauki jakar. Ya ce, "Mama, rana tana yi." Za-a-saka ya riƙe hannunsa.

"Ka ba ni zuwa gobe. Gobe kawai. Wallahi yau zan zauna."

"Kawu, da zan iya da na yi. Gobe ina wurin aiki, jibi likita."

Yaya ta miƙe da kanta. Ta yi sallama da matar Auta, suka daɗe riƙe da juna. Ta yi mana sallama ɗaya bayan ɗaya, tana gane kowa da muryarsa. Aka shigar da ita gidan baya na motar. Za-a-saka ya biyo har bakin taga, takardun suna hannunsa har yanzu.

"Yaya, ki yafe ni. Na ce za ki ji ƙarshe."

"Kar ka damu, Auta. Ai na dawo da ita tuni."

"Kin dawo da ita?"

"Tsayuwar da ka bar ta ce ta dame ni, har ƙafata ta fara ciwo. Sai na ce ta buɗe kawai. Ta buɗe, ta kwaso, tsuntsun ya kawo ta. Kowa ya karɓi tasa. Ta yi wanka, ta ci abinci, ta kwanta."

"Ta buɗe? Yaya, ƙofar ba ta da mariƙi. Ba ta da ramin makulli. Ta yaya ta buɗe?"

"Abu mai sauƙi wallahi. Ni kaina sai da na yi dariya."

Ya ciro biron daga aljihu, ya juya bayan takardar jawabin shugaban makaranta, ya ɗora a kan motar. Ya ce, "Faɗa mini."

"Da baki?" ta ce. "A'a, Auta. Kar Hedimasta ya ce an yi son kai. In na samu mai rubuta mini, zan aiko a saka a kwali."

Ta ce wa ɗanta su tafi. Suka tafi.

Yaya tana nan da ranta. An yi mata aiki, ido ɗaya ya ɗan buɗe, an ce har tana ganin inuwarta in rana ta yi kyau. Suna waya da Auta. Takan tambaye shi yara, da ciwon bayansa, da ko yana cin abinci a kan lokaci. In ya kawo maganar ƙofa sai ta ce ba ta jin sa sosai, layin ba kyau. Matarsa kuwa na lura wani lokaci tana shara a ƙofar gida sai ta tsaya ta yi 'yar dariya ita kaɗai ta ci gaba. Sun daɗe suna zama tare a tsakar gidan nan, ita da Yaya. Ban tambaye ta ba. Shi ma ban ga alamar ya yi tunanin tambayarta ba.

Masu shawara sun watse. Kowa ya ga kansa a ciki, me ya rage? Mai Fotokofi ta cire tsofaffin takardun daga ƙofarta ta manna sanarwar ɗaukar hoton fasfo. Tabarau ya koma aljihun tebur. Sunan ne kawai ya zauna.

Kwanan baya ya kawo mini kujerata da kansa, a kai. Ta yi kyau, yadi sabo, ƙusa a jere. Da na zauna sai na ji wani ƙaras-ƙaras a ƙarƙashina, irin ƙarar da soso ba ya yi. Na ce masa me ya cusa? Ya sosa ƙeya ya ce takardu ne suka taru, kuma ba ya son zubarwa. Yanzu a kan shawarwarin layinmu nake zama in sha iska. Akwai wata mai tauri da ke taɓa ni ta hagu, ina zaton ta Hedimasta ce.

Kwalin yana nan a ƙofar shago, jan ya koɗe. Kullum da safe kafin ya ɗauki guduma sai ya ɗaga shi ya girgiza kusa da kunne. Wani lokaci in yara sun jefa bawon alewa, sai ya buɗe da sauri ya duba, ya mayar. A wurinsa yarinyar tana can tsaye a bakin ƙofa da fitilarta. A wurin Yaya kuwa ta daɗe da yin barci.